Talabijin Daga Yendi, Sifika Daga Bawku

Akwai wani dattijo a zangon Salaga mai suna Alhaji Abdul-Samed. Kakanninsa fataken goro ne, shi kuwa doya ya yi ta lodawa zuwa Kumasi har ƙarfi ya ƙare masa. Da tsufa ya zo, ta idanu ya fara. Yana ganin haske, yana ganin giftawar mutum, amma fuska sai da murya yake gane ta. Kunnensa ne kaɗai ya rage masa da sauran ƙarfi.

'Ya'yansa uku ne. Babban, Rauf, yana Bawku yana harkar tumaki da shanu. Mai bi masa, Sadick, yana da shagon kayan babur a Yendi. Autarsu Zuweira tana aure nan cikin Salaga. Ita ke kawo wa tsohon koko da safe, ita ke yanke masa farce.

Rauf da Sadick ba sa magana da juna.

Abin ya faro ne ranar addu'ar arba'in ta mahaifiyarsu. Mai shela ya tashi yana kiran sunayen 'ya'yan marigayiya a gaban jama'a, kamar yadda aka saba a zango, sai ya kira Sadick kafin Rauf. Ko kuskure ne, ko don Sadick ne ya ɗauko shi, Allah ne masani. Rauf ya ce shiri ne aka yi don a wulaƙanta shi. Sadick ya ce shi bai sa wa kowa magana a baki ba.

Rauf ya zauna yana jira a kira shi a ba shi haƙuri, domin ƙane ne ke fara ɗaga waya. Sadick ya ce wanda bai yi laifi ba ba ya ba da haƙuri. Shekaru suka wuce a haka. Sadick ya daina cewa Yaya, sai "mutumin Bawku". Rauf kuma in zai ambace shi, sai ya ce "yaron Yendi".

Wata safiya, ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, Zuweira ta iske mahaifinta ya kafa kunne a jikin tsohon talabijin ɗinsa mai ƙaton baya, wanda sai an mare shi yake magana.

"Baba, me kake nema a ciki?"

"Arafa nake nema," in ji shi. "Sau ɗaya na je, tun ba a haifi Rauf ba. Abin da na gani duk ya dushe mini. Amma sautin yana nan. Zuweira, a can Labbaika ba ta gaba kaɗai take zuwa maka ba. Tana zuwa ta baya, ta dama, ta hagu, har ka rasa wacce ce ta bakinka. Wannan akwatin kuwa kamar sauro ne a cikin gwangwani."

Sannan ya ce, "Da zan sake jin ta haka sau ɗaya, da ba ni da sauran buri."

Zuweira ta kira yayyenta, kowa daban, ta gaya musu.

Rauf ya ce ya san abin da ake buƙata. Ya gani a kasuwar Sankasi, can bakin iyakar Togo: wata doguwar sifika mai kamar sanda, wadda masu shago ke kira sawunba. Tana zuwa da ƙaton akwati da ake ajiyewa a ƙasa, da ƙananan sifiku biyu da ake sawa a bayan mai sauraro, sauti ya kewaye shi. "Ni zan saya wa Baba," in ji shi. "Kada ki gaya wa kowa."

Amma ta gaya wa Sadick, domin tsohon talabijin ba zai ɗauki irin wannan sifika ba. Sadick ya yi dariya.

"Mutumin Bawku zai sayi murya? To ni zan sayi fuska. Mu ga wanda mutanen zango za su fara gani in sun shigo."

Da farko Zuweira ta yi murna. A tunaninta, kaya biyu da dole a haɗa su da kebul ɗaya za su tilasta wa masu su magana.

Rauf ya je Sankasi ya saya. Mai shagon bai ɓoye masa komai ba. Ya juya sandar, ya nuna masa ramuka biyu kacal da ke bayanta. Ya ce ɗaya na HDMI ne, amma ba kowane ramin HDMI na talabijin ke turo sauti waje ba, sai wanda aka rubuta ARC ko eARC a gefensa. Ɗayan kuma ɗan ƙaramin rami ne mai murfi, na kebul mai jan haske, wanda suke kira oftikal. Ya ce in talabijin ba shi da ko ɗaya cikin biyun nan, sifikar ba za ta ce uffan ba.

Rauf ya ji, ya gane, ya maimaita haruffan har sau biyu. Sannan ya ɗaure kwalinsa ya koma Bawku.

Zuweira ta kira shi. "Yaya, akwai abin da ya kamata Yaya Sadick ya sani kafin ya sayi talabijin?"

"In yana son sani, ya san lambata."

"To ka ɗauko mini hoton kwalin kawai, ni zan tura masa."

"Ke 'yar aikensa ce? Yaron da ya iya shiga gaban yayansa a bainar jama'a, ai zai iya zaɓen talabijin."

Can a Yendi, Sadick ya faka babur a ƙofar shagon wani mai sayar da kayan lantarki, Mikaila, wanda suka daɗe da sanin juna. Ya ce a nuna masa mafi girma.

Mikaila ya nuna masa biyu. Ɗaya ƙato ne, ya kusa faɗin ƙofar zaure, kuma yana kama tashoshi da kansa ba tare da dikoda ba. Ɗayan bai kai shi girma ba.

"Na gidanka ne ko na shago?"

"Na Baba ne, a Salaga. Za a haɗa shi da wata sifika."

"Wace iri?"

"Irin ta masu tumaki."

Mikaila ya yi murmushi, ya juya ƙaramin. "Duba nan. Ka ga ARC a gefen ramin nan? Ga kuma oftikal a ƙasa. Wannan kusan kowace sanda za ta bi shi. Babban kuwa ramukansa na shigar da hoto ne kawai. Abin da yake da shi na fitar da sauti sai ramin abin sawa a kunne. Ka kira wanda ya sayi sifikar mana, ka ji me take ɗauka. Ga wayata in ba ka da kati."

Fuskar Sadick ta canza. "Ina da kati."

"To kira shi."

"Mikaila, talabijin na zo saya, ba sulhu ba. In sifikarsa ba ta bi talabijin ɗina ba, sifikarsa ce ba ta da kyau. Ɗaure mini babban."

"Amma ka ce idon Alhaji ya yi rauni. Me zai yi da faɗi?"

"Masu zuwa gaishe shi suna da ido."

Mikaila ya jawo kwali. Ya ɗaure masa babban.

Sadick ya riga kowa isa Salaga. Ya sa aka kafe talabijin a bangon falo, aka ɗora kwanon satilayit a kan rufi, tashar Makka ta fito fes. 'Yan unguwa suka yi ta leƙowa suna cewa ma sha Allah. Alhaji Abdul-Samed ya shafa gefen allon da hannu, ya sa masa albarka, sannan ya tambaya, "Muryar fa?"

"Tana hanya, Baba," in ji Zuweira.

Rauf ya biyo ta Walewale da Tamale da raguna a bayan lori, ya iso Salaga jajibirin Arafa. Amma bai sauka a gida ba. Ya kwana gidan wani abokinsa, don kada rufi ɗaya ya rufe shi da ƙanensa. Zuweira ta roƙe shi ya kawo kwalin tun da la'asar a gwada. Ya ce kayansa sabbi ne, ba sa buƙatar gwaji.

Idan rana ta take a Arafa, a Salaga hantsi ne. Tun da sassafe tsohon ya yi wanka, ya sa farar riga, ya sa turare. Ya aika aka kira Liman na masallacin unguwa da wasu dattawa abokansa. Aka shimfiɗa tabarmi, aka ajiye masa kujera a tsakiyar falo. Kowa na azumi, don haka babu shayi, babu goro. Kunne kawai aka zo da shi.

Rauf ya shigo da kwalinsa. Ya gaida mahaifinsa, ya gaida Liman, ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Sadick, sai ya wuce kamar ginshiƙi ne.

Ya ajiye sandar a ƙarƙashin talabijin, ƙaton akwatin a ƙasa, ƙananan biyun a bayan kujerar tsohon, dama da hagu. Sannan ya zura hannu bayan allon.

"A hankali," in ji Sadick, yana kallon bango. "Ba ƙahon rago ba ne."

Rauf ya cusa kebul a ramin farko. Shiru. Ya cire ya sa a na biyu. Shiru. A allo ga alhazai nan fari fat har ƙarshen gani, amma sautin da ke fita na talabijin ne kawai, siriri, yana fitowa ta bayansa yana bugun bango.

Rauf ya kunna fitilar wayarsa ya leƙa. Ya daɗe yana dubawa. Da ya ɗago, akwai murmushi a fuskarsa. Zuweira ta gan shi daga bakin ƙofa.

"Liman, ku zama shaida," in ji Rauf. "Babu ARC. Babu oftikal. Allon makaranta aka kawo wa Baba, ba talabijin ba."

"Talabijin yana aiki tun shekaranjiya," in ji Sadick. "Sandarka ce kurma. An sayar maka da kayan bola a Sankasi, ka ɗauko har nan."

"Wanda ya san kaya, bayansu yake dubawa kafin ya saya. Amma kai ina ka saba duba baya? Gaba kake so kullum."

"Yaya," in ji Zuweira, "ashe ka san haruffan nan tun a can?"

"Na sani."

"Na tambaye ka."

"Ke kika tambaya. Shi bai tambaya ba."

Ta juya. "Yaya Sadick, kai fa? Mai shagon bai gaya maka ba?"

Sadick ya kau da kai. Hakan ya ishi kowa amsa.

Liman ya gyara murya. "'Ya'yana, yau ba ranar wannan ba ce. Babu wata dabara?"

Wani daga cikin dattawan ya ce ko a aika Tamale a nemo abin haɗi. Aka ce kafin a je a dawo, alhazai sun bar Arafa.

Tsohon yana zaune, hannayensa a kan gwiwa. Ya ce a hankali, "Sun fara?"

"Sun fara, Baba."

Sai Rauf ya ce, "Akwai dabara. Sandar tana kama waya ta bulutut. A kashe wannan allon, in kamo Makka a wayata, Baba ya ji. Shi dama ba gani yake yi ba."

Gaskiya ya faɗa. Da an yi haka, da tsohon ya samu wani abu, ko da bai kai yadda aka so ba. Amma Rauf bai faɗe ta don a gyara ba. Ya faɗe ta yana kallon ƙanensa a karo na farko cikin shekaru, yana jan kalmar "allo".

Sadick ya ɗauki rimot ya riƙe a ƙirji. "Babu mai kashe shi."

"To rage masa murya."

"Ka rage taka."

Rauf ya haɗa wayarsa. Sandar ta yi ƙara, ƙaton akwatin ya yi gurnani, Labbaika ta cika falon. Alhaji Abdul-Samed ya ɗaga kai, bakinsa ya fara motsi.

Sadick ya danna rimot har ƙarshe.

Abin da ke zuwa ta waya yana bayan abin da ke zuwa ta kwanon satilayit. Talabijin na cewa "la sharika laka", sandar na fara "Labbaika". Rauf ya ƙara murya. Talabijin ya fara karkarwa a bango, sautinsa ya tsage. Kalmomin suka hau juna, suka tattake juna, har babu wadda ake ganewa. A kan wannan kuma ga muryoyin 'yan'uwan biyu.

"Ɗan tasha," in ji Rauf.

"Mai warin garke."

"Ko a ranar arba'in ɗin Mma sai da ka nuna halinka."

"Kada ka sa sunan Mma a bakinka. Tana jinya kana Bawku kana ƙirga ƙaho."

Dattawa biyu suka ɗauki takalmansu suka fita ba sallama. Liman na magana, ba mai jin sa.

Tsohon ya ɗaga hannayensa biyu ya toshe kunnuwansa.

Zuweira ce ta tsallaka tabarmi ta fizge filogin daga bango. Komai ya mutu lokaci ɗaya. Can waje ana jin kukan ragunan Rauf.

Alhaji Abdul-Samed ya sauke hannunsa. Bai ɗaga murya ba.

"A Arafa mutane ba su ƙirguwa, kowa da yarensa, amma bakinsu ɗaya. Ku biyu ne kacal, ciki ɗaya. Abu ɗaya na roƙa."

Rauf ya fara, "Baba, shi ne ya..."

"Rauf, ɗauki naka. Sadick, sauke naka daga bangona. Ku fitar da su tsakar gida, ku tsaya tare da su."

Ba wanda ya taɓa jin ya yi musu magana haka. Suka kwashe. Sadick ya sha wahala wajen sauke allon shi kaɗai, domin aikin mutum biyu ne, kuma Rauf yana tsaye yana kallo. Ƙusoshi huɗu suka rage a bango.

Zuweira ta durƙusa kusa da kujerar. "Baba, in kamo maka a wayata? Zan riƙe maka a kunne."

Ya girgiza kai. "Na gaji da na'ura."

Ta ajiye wayar. Sannan ta juya wajen Liman da dattawa uku da suka rage, ta sunkuyar da kai. "Malam, ku yi mini alfarma. Ku matso kusa da shi. Ɗaya nan, ɗaya nan, ɗaya a baya."

Liman ya gane. Ya ja buzunsa zuwa gaban kujerar. Ɗaya ya zauna a dama, ɗaya a hagu, ɗaya a inda ƙananan sifikun suke ɗazu. Liman ya ɗauko kabbarar kwanakin layya, sauran suka amsa. Muryoyin tsofaffi ne masu azumi, wata na rawa, wata ta dushe. Matan gida suka ji daga madafa, suka zo bayan taga suna amsawa ƙasa-ƙasa. Dattawan nan biyu da suka fita suka ji daga zaure, suka dawo.

Tsohon ya rufe idanunsa. Hawaye ya bi ta cikin gemunsa.

"Haka ne," in ji shi. "Ta ko'ina."

Rauf da Sadick suna tsakar gida cikin rana, kowa kusa da kwalinsa. Suna jin komai. Ba wanda ya ce su shigo, kuma ba wanda ya dubi ɗan'uwansa.

Washegarin Sallah kowa ya kama hanya. Sadick ya ce baɗi zai kawo talabijin mai ARC, ya kuma sayi sandarsa da kansa. Rauf ya ce baɗi shi zai kawo talabijin da ya dace da tasa. Ko a nan, ba wanda ya ce a haɗa.

Alhaji Abdul-Samed bai kai baɗi ba. Ya rasu kafin azumi, Zuweira na riƙe da hannunsa.

Ranar addu'ar arba'in, zangon Salaga ya cika. Rauf ya zauna a wannan gefen rumfa cikin babbar riga, Sadick a wancan gefen. Kowannensu ya riga ya aika wa mai shela saƙo a kan sunan da zai fara kira. Da lokaci ya yi, mai shela ya miƙe, sai Liman ya ɗaga masa hannu, ya karɓi makirufo da kansa.

"Marigayi ya bar mini wasiyya a kan wannan," in ji Liman. "Ya ce kada in ƙara, kada in rage. Ya ce a ce: ya rasu ya bar Zuweira, da 'yan'uwanta."

Ya miƙa makirufo ya zauna. Ba a kira sunan kowa ba bayan nan.

Talabijin ɗin yana Yendi yanzu, a shagon kayan babur, 'yan acaba na kallon ƙwallo a ciki suna ƙorafin ba a jin murya. Sandar tana Bawku a cikin kwalinta, a kan durowa. Ƙusoshin nan huɗu suna nan a bangon falon Salaga. Zuweira ta hana a cire su.

Darasi: Abin da aka yi don ya yi aiki tare da wani, ba a zaɓensa a ɓoye, kuma ba a zaɓensa don idon mutane. Kafin ka sayi talabijin, juya bayansa, ka tambayi mai sifikar me take ɗauka. Kafin ka yi wa iyayenka alheri, ka tambayi zuciyarka: don su kake yi, ko don ka ƙuntata wa ɗan'uwanka? Rauf ya san amsa ya ɓoye, Sadick ya san akwai tambaya ya ƙi yi, wanda ya yi hasara kuwa tsoho ne da ba shi da wata Arafa a gaba. In kana da ɗan'uwan da kake jira ya fara kira, kai ka fara, tun iyayenku suna jin muryarku. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, musamman gidan da kuka san an daina gaisawa.